Lambun da Yaya Ta Rabar Tun Tana Raye

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta riga ni komawa a ƙarshen ranin da ya wuce, a ƙauyenmu da ke bayan Bici, cikin ɗakin da aka kai ta amarya tun ina yaro. Ina Kano aka kira ni, kafin in iso har an yi mata sutura. Mu biyu muka rage cikin 'ya'yan mahaifinmu. Yanzu saura ni, kuma ba na so in bi ta ban faɗi abin da na sani a kanta ba, domin abin da kunnena ya ji a zaman makoki bai gamsar da ni ba.

A ƙofar gida aka shimfiɗa wa maza tabarmi. Kowa ya zo ya ce Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, mu ce amin. Wani dattijo mai awaki da yawa, da ya shafa addu'a, ya karkata wajen na kusa da shi ya ce a hankali, "Awakina ma sun huta." Na ga kafaɗun mutum biyu suna rawa, suna danne dariya. Wani ya ce mace ce mai gaskiya, sai dai akwai zafi. Wani ya ce shekara da shekaru yana wucewa ta bayan gidanta, bai taɓa samun ƙarfin halin tsinkar ko ganyen zogale ba. Liman ya yi gyaran murya, aka koma addu'a. Babu wanda ya yi mata ƙarya a cikinsu. Amma idan iyakar abin da garin zai riƙe ke nan, to ba a yi mata adalci ba, kuma ni ban yarda ba.

A cikin gida mata ne cike da tsakar gida. Bayan la'asar maƙwabciyarta ta jikin katanga, tsohuwa wadda idonta ya yi rauni, ta miƙe daga cikin masu kuka ta ce a ba ta guga. Aka ce, "Haba Iya, yau ranar ban ruwa ce?" Ta ce, "Tumatir ɗin bai san an yi mutuwa ba." Ta lallaɓa ta fita ta ƙaramar ƙofar baya, surukar gidan ta share hawaye ta bi ta.

Cikin masu ta'aziyya akwai wani magini daga Bici. Ya yi addu'a mai kyau. Amma da ya tashi bai kama hanyar gida ba. Shi da babban ɗan Yaya suka zagaya baya, na hango maginin yana taka gefen shinge yana nuni da hannu. Da jama'a suka ragu na kira ɗan nawa gefe na tambaye shi.

Ya ce, "Kawu, ai ka san halin da muke ciki. 'Ya'yana samari biyu sun isa aure, ba ni da inda zan sa su. Inna ce ta tsare wurin nan tana raye, ba mai iya yi mata magana. In an yi arba'in za mu share shi mu ɗora ɗakuna."

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauka haka nake nufi. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba a tsintar fili a wajenmu. Gona na jikin gona, gida na jikin gida, iyakar mutum da ɗan'uwansa layin gamba ne kawai. Filin bayan gidan kuma na marigayi mijin Yaya ne, saboda haka na 'ya'yansa ne, ba nata ba. Wannan ba a ja da shi. Amma abin da ke kan filin shi ne aikin rayuwarta duka, kuma ana maganar sa masa gatari tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.

Lambun ba wani babba ba ne. Mai tafiya a hankali zai zagaye shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Rijiya a tsakiya, katon mangwaro a bakinta, sai gwaba, lemon tsami, lemon zaƙi, gwanda, rumman ɗaya da ya fi ba ta wahala, da zogale jere a jikin shinge. A ƙasa kuma, duk inda rana ke sauka, ta ja fangali ta zuba alayyafo, tumatir, albasa, tattasai, kuɓewa, rama da yakuwa, kowanne a lokacinsa. A watannin da duk garin ya yi fari fat, in ka hau hanyar kasuwa ka waiwayo, wuri ɗaya za ka gani kore.

Da can juji ne, nan ake ɗaure jaki. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara. Tana fita takaba ta ɗauki fartanya. Ƙannen mijin suka aiko mata cewa a gidansu mace ba ta noma. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce musu ba noma nake ba, bayan ɗakina nake sharewa. In shara ta tsiro, ba laifina ba ne." Daga wannan sharar ta ciyar da yaran, ta tufatar da su, ba ta taɓa kai ƙoƙo ƙofar kowa ba.

Na yi yawo a duniya gwargwadon abin da Allah ya nufa. Aikin tafinta da rakiyar 'yan kasuwa ya kai ni Sudan da Masar, Kamaru da Maroko, Indiya, har gabas mai nisa. Duk inda na sauka, in na sami sarari, lambun mutane nake leƙawa, saboda ita ta sa mini wannan ɗabi'ar. Na ga masu injina da masu bututu. Amma ban ga wanda ya fi ta tattalin ruwa ba. A gidanta ba a alwala a tsakar gida. Ko wane ne kai, in ka ɗauki buta sai ta nuna maka gindin da za ka tsuguna. "Malam, gwaba ta sha da safe, je ka wajen lemo." Ruwan wankin hatsi da na ɗauraye kwanuka duk suna da inda suke zuwa. Ruwan sabulu ne kaɗai ba ya ƙetare ƙofar baya. Idan ta dasa ƙaramar bishiya da rani, sai ta binne sabon tulu a gefenta har wuya, ta cika shi da ruwa ta rufe da sakaina, tulun ya riƙa tsatsafowa a hankali daidai saiwa. Na taɓa gaya mata na ga manoma suna yin haka a wata busasshiyar ƙasa ta Larabawa. Ba ta ɗago daga aikinta ba ta ce, "To, ashe su ma suna da hankali."

Ba ta da ɓoyon sani. Duk wanda ya tambaya za ta faɗa masa, sai dai da faɗa za ta faɗa. Ɗanyen taki ba ya zuwa kusa da shukarta. Kashin awaki da toka da sharar gida rami take zuba su, su shekara, sai sun yi baƙi sun daina wari. Dashe da yamma kawai take yi, ta kifa wa kowane tsiro ɓallin ƙwarya ta gefen rana har ya kama. Ta rufe fangali da ɓawon gyaɗa don kada ƙasa ta bushe da wuri. Toka take barbaɗa wa kuɓewa da sassafe tun raɓa na jiki, tsutsa kuma ruwan ganyen darbejiya da aka daka ya jiƙu take yayyafa mata. Zogale in ya kai ƙirjin mutum sai ta fille masa kai, domin ya yi rassa maimakon ya tafi sama inda hannu ba ya kai. Gwanda uku take sawa a rami, in sun yi fure ta tuge mazan ta bar ɗaya tak a lambun duka. Auren mangwaro, wato haɗa reshen mai daɗi a jikin ɗan tsiron na gida, a wurin wani mai sayar da dashe daga wajen Tofa ta gani a kasuwa. Ta dawo ta lalata tsiro da yawa kafin hannunta ya faɗa. Wanda ya kama kuwa, in ya yi furen fari sai ta tsinke furen duka. Wata jikarta ta ce, "Inna, ai asara ce." Ta ce, "Yaro ne. Bari ya yi ƙashi tukuna."

Maganar awaki gaskiya ce, ba zan musa ba. Wata shekara akuyar mai unguwa na wancan lokacin ta fasa shinge ta cinye mata ɗan mangwaron da ta yi wa aure, wanda ta yi damina biyu tana reno. Ta kama akuyar ta ɗaure a bakin rijiya, ta ba ta dusa ta ba ta ruwa. Aka aiko a karɓa, ta ce mai ita ya zo. Aka sake aikowa da ban haƙuri, ta ce ta ji, mai ita ya zo. Da ya zo da kansa ta kai shi ta nuna masa kututturen. Ya ce a faɗi abin da zai biya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a sayar da damina biyu a kasuwa. Ga ƙaya can, ga inda ta shigo." Mutumin nan ya tuɓe babbar riga ya toshe ɓarakar da hannunsa, tana tsaye tana cewa ya ƙara ta ƙasa. Da zai tafi ta cika masa ƙwarya da tumatir ta ce a kai wa iyali. Masu ba da labarin nan a gari kullum a kan ƙaya suke tsayawa. Ba sa kaiwa ga tumatir.

Ni ma mun yi namu. Da na dawo daga Japan na zo mata da hotunan wani abu da ya ba ni mamaki a can: tsofaffin bishiyoyi a cikin kasko, tsayinsu bai wuce kamu biyu ba, amma da gindi da rassa da komai irin na babbar bishiya. Bonsai suke ce masa. Ana yanke rassa, ana rage saiwa, ana lanƙwasa reshe da waya, uba ya rena ya bar wa ɗa. Na ɗauka za ta ji daɗi. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ta miƙo mini.

Ta ce, "Me bishiyar ta yi musu?"

Na ce, "Ado ne, Yaya. Gwaninta ce."

"Ana shan inuwarta?"

"A'a."

"Ana cin 'ya'yanta?"

"Ba don haka ake yi ba."

"To kurkuku ne. Allah ya halicci abu ya miƙe, an ɗaure shi da waya ana kallo."

Na ce, "Ke da kike fille wa zogale kai fa? Shi ya ce miki yana so?"

Nan ta fusata. Ta ce na je ƙasar mutane na koyo harsuna na dawo ina yi wa yayata rashin kunya da nawa. Na ce gaskiya ce ba ta so. Har na bar garin, tuwona surukarta ke kawowa, ita ko kallon inda nake ba ta yi. Amma ran da zan tafi, ina ɗaure jaka, na ji muryarta ta bayan zana. Ba sallama, ba komai. "Wai saiwar ma yankewa suke?" Na ce e, a farkon lokacin tsiro, a zare bishiyar daga kaskon a rage saiwar, a sake ƙasa, kuma dole kaskon ya zama da huda a gindi. Sai na ji takunta ta koma lambu.

Bayan wasu shekaru na tarar da kuka a cikin fasasshiyar randa kusa da madafa. Tsayinta bai kai gwiwata ba, gindinta ya yi kaurin taɓarya, rassan sun baje kamar na kukar bakin kasuwa. Surukarta ta raɗa mini cewa ta huɗu ce. Ukun farko ruwa ya yi musu yawa suka ruɓe, sai da Yaya ta gane cewa in kuka ta zubar da ganye ba ta son ruwa, ta kuma haɗa ƙasar da yashi. Na tsaya ina kallo. Yaya ta zo ta wuce ni ta tsinki ganye cikin hannu.

Na ce, "Ashe kin buɗe kurkuku."

Ta ce, "Ban sa mata waya ba. Kuma ni miya nake yi da ita. Tsohuwa ba ta hawa kuka, sai kuka ta sauko."

Haka muka shirya. Ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Abin da ya fi jawo mata sunan rowa kuwa, shi ne ainihin kyautarta. A ƙasarmu, tun kakanni, bishiya daban, ƙasa daban. Gona tana iya zama taka, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani gida ce. Su za su zo su kaɗe ta, kai kuma ba ka isa ka sa mata gatari ba. Wanda ya dasa shi ke da ita, yana iya bayarwa, ana iya gadonta. Na ga irin wannan a bakin kogin Nilu, inda dabino ɗaya ke da masu shi da yawa, ƙasar kuma ta wani ce can dabam. A wasu ƙasashen da na je, in ka faɗi haka dariya za a yi maka, domin a wurinsu mai ƙasa shi ke da duk abin da ke kanta. Yaya ba ta je ko'ina ba in ban da hajji, amma ta san al'adar garinta sarai, ta kuma san abin da za ta yi da ita.

Tun tana da ƙarfinta ta fara rabar da bishiyoyin, ɗaya bayan ɗaya, kowace a gaban shaidu. Lemon tsami ta ba maƙwabciyar nan a shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta ba ko akuya. Da lemon nan matar ta riƙe kanta har yau. Gwaba ta ba autarta da ke aure a Shanono. Lemon zaƙi ta ce sadaka ne na masallaci. Rumman na surukarta. Har zogalen shinge kowane yana da mai shi cikin matan unguwa. Ita ke ban ruwa, ita ke taki, ita ke korar tsuntsu, amma in abu ya nuna ba ta tsinka, ba ta kuma aikawa. Sai dai ta aika a ce, "Wance ta zo ta kwashe abinta, ni ba baiwarta ba ce." Wanda kuma ba nasa ba, ko jikanta ne, in ya miƙa hannu sai ta daka masa tsawa: "Naka ne? Je ka roƙi mai shi." Mutane suna jin tsawar, ba sa jin sauran. Ba ta iya ba da abin da ta riga ta bayar.

Ni mangwaron bakin rijiya ta ba ni, na tsakiya, wanda ya fi kowanne girma. Ta kira liman da mai unguwa na yanzu ta faɗa a gabansu. Na yi dariya na ce, "Yaya, ni da ba na zama? Ki ba na gida mana."

Ta ce, "Na gida kunya za ta ci su. Kai kuwa tun kana yaro in ka ce a'a, ko Baba sai ya haƙura."

Duk shekara in ya nuna sai ta sa a kira ni a waya. Ban isa in ce a aiko mini ba. Ko in zo in tsinka da hannuna, ko in faɗi da bakina wanda na wakilta. A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Bayan arba'in aka zauna a zauren gidan. Liman, mai unguwa, 'ya'yanta maza, ni, mata kuma suna daga ciki suna ji. Babban ɗanta ya faɗi buƙatarsa cikin ladabi. Mai unguwa ya ce, "Ƙasa taku ce, ba mai ja da ku. Amma ɗorawar da ke gonarka ta wajen rafi, ta wa ce?" Ya ce ta gidan su wane ce. "Ka taɓa sare ta?" Ya ce a'a. Liman ya ce kyautar da mutum ya yi da lafiyarsa, wanda aka ba kuma ya karɓa yana ci shekara da shekaru, ba ta shiga gado. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa take tilasta wa kowa ya zo ya tsinka da hannunsa. Aka ce fangalin kayan miya nasa ne, ya yi yadda ya so. Bishiya kuwa sai ya nemi yardar mai ita.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma Yaya ta san mutanenta. Autar ta yi kuka ta ce ba za ta ja da babban wanta ba. Matan unguwa suka ce ai zogale ba abin faɗa ba ne. Matarsa ba ta ce komai ba, ya ɗauki shirun a matsayin amincewa. Lemon masallaci da na maƙwabciya a gefe suke, magini ya ce ana iya kauce musu. Mangwaron tsakiya ne ba a iya kauce wa. In yana tsaye, ɗaki ba ya zama a wurin.

Ya same ni da hantsi a gindinsa, ya tsuguna ya gaishe ni.

Ya ce, "Kawu, kowa ya yarda, saura kai."

Na ce, "To, ni ban yarda ba."

"Kai fa a Kano kake. Mangwaro ko a bakin titi ka saya."

"Ban ce maka ina jin yunwa ba."

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Sannan ya faɗi abin da na san yana cinsa tun ranar zama a zaure. "Ta ba maƙwabta, ta ba masallaci, ta ba matata. Ni da na ja mata ruwa a rijiyar nan tun hannuna bai kai bakin guga ba, ko gwanda ba ta ba ni ba."

Na ce, "Uwarka har ta mutu ba ta taɓa kiran sunanka ba. Ɗan fari ne kai, haka aka rene ta. Ka taɓa ɗauka ƙinka take?"

Ya ce, "A'a."

"To a gaban liman da mai unguwa kake so ta tsaya ta ce ga abin da ta ba ka? Kuma ta san nauyin da ke kanka. Ta san in ta ba ka, ranar da yara suka matsa maka, da hannunka za ka sare, ka zauna da abin a ranka. Ta raba ka da wannan."

Ban sani ba ko haka ta nufa. Ba ta taɓa gaya mini ba. Amma na san ta.

Ya ce, "Na ji, Kawu. To yaran fa? A kan reshe zan sa musu amare?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma a'a kaɗai ba ta amsa ta. Ina da kango a gabashin gari, rabona na gidan mahaifinmu. Shekaru ina cewa in na gaji da Kano zan gina ɗaki biyu a wurin, in dawo in ƙarasa kwanana inda aka yanke cibiyata. Shi kaɗai ne filin da nake da shi a garin.

Na ce, "Ka san kangon Baba?"

Ya ce ya sani.

"Ka kai magininka can. Na ba ka."

Ya ɗago ya dube ni. "Kawu, fili guda saboda mangwaro ɗaya? Mutane za su ce tsufa ya taɓa ka."

Na ce, "Sun faɗa wa uwarka abin da ya fi haka, ba ta rame ba. Tashi ka kira liman da mai unguwa, tun ina da lafiyata. Kuma ka sa fartanya a wurin yau ɗin nan, a ga ka karɓa."

'Ya'yana na Kano ba su ji daɗi ba, sun kuma gaya mini. Wani abokina ya ce wannan ba hankali ba ne, taurin kai ne na gado. Na ce masa ban musa ba. An haƙa harsashi a kangon kafin ruwan fari. Waɗanda suka sallama bishiyoyinsu aka ce musu kowa ya riƙe abinsa. Surukar Yaya da maƙwabciya su ke ban ruwa yanzu, kuma an ce mini surukar ta fara ɗaga murya in an bar ƙofar baya a buɗe.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mata zafin harshenta, ya sa kowane ganye da ta shayar ya tsaya mata shaida, ya ba ta inuwar da ta fi wadda ta bari. Ya ba 'ya'yanta haƙuri, ya sa albarka a ɗakunan da ake ginawa.

Ni kuwa, a garin da aka haife ni, yau ba ni da ƙasar da zan kafa ko turken akuya. Ina da mangwaro ɗaya a bayan gidan wani. Duk mai son sare shi ya jira in mutu, sannan ya je ya nemi wanda na ba.